Likita da kwamfutar asibiti: amsa ga ƙanena mai son sauya layi

Wani ƙaramin likita ya aiko mini da tambaya kamar haka: "Ranka ya daɗe, shekarata huɗu da fara aiki. Tun ina makaranta nake son harkar kwamfuta, kuma gaskiya kwanan asibiti ya fara gundurata. Na ji akwai fannin da likita ke aiki a kan manhajojin asibiti da bayanan marasa lafiya. Mene ne ainihin aikin? Dole sai na iya rubuta manhaja? Ta ina ake shiga, kuma in na shiga na bar likitanci ke nan?"

Dokta, sannu da aiki. Ka jero tambayoyi da dama, amma maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ka sako a tsakiya ka wuce kamar ba komai, cewa kwanan asibiti ya gundure ka. Bari mu jingine ta tukuna. Zan dawo kanta, don ita ce za ta nuna ko layin nan naka ne.

Fannin da ka ji labari ana kiransa infomatiks na asibiti, ni kuwa na fi son in ce ilimin sarrafa bayanan lafiya. Ka tuna zagayen da ka yi da safiyar yau. Kafin ka taɓa majiyyaci ko ɗaya, sai da ka nemi sanin yadda ya kwana, da sakamakon gwajin jiya, da maganin da aka ba shi da wanda aka tsallake, da abin da likitan da ya gan shi wata shida baya ya rubuta. Kowannensu bayani ne da ya taso daga wani wuri, ya bi ta hannun mutane da takardu da na'urori kafin ya iso gare ka. Wani ya iso da wuri, wani ya makara, wani ya iso a karkace, wani ya ɓace a hanya har ka sa aka sake ɗibar jinin bawan Allah. Wannan hanyar da bayani ke bi ita ce gonarmu. Kwamfuta kayan aiki ce a ciki, kamar yadda wuƙa take a hannun likitan fiɗa, kuma ba wanda ke kiran fiɗa ilimin wuƙa.

Kada ka ɗauka abu ne da ya zo tare da wayar hannu. Tsarin da aka koya maka na rubuta bayanin majiyyaci, ka fara da abin da ya faɗa, sai abin da ka gano, sai fahimtarka, sai abin da za a yi, wani likita ne Ba'amurke mai suna Lawrence Weed ya shimfiɗa shi, kuma maƙalarsa da ta yi fice a kai ta fito a 1968. A shekarun 1960 ɗin ne kuma aka ƙirƙiro harshen kwamfuta na MUMPS a ɗakin binciken Octo Barnett da ke babban asibitin Massachusetts a Boston, har yau kuwa shi da jikokinsa ne ke ƙarƙashin tsohuwar manhajar asibitocin tsofaffin sojojin Amurka da rumbun bayanan Epic, kamfanin da ke sayar wa asibitoci manhaja. A 1976 Clement McDonald na Indianapolis ya wallafa binciken da ya nuna cewa in kwamfuta ta tunatar da likita abin da ya riga ya sani, ya fi aikata shi a kan in an bar shi da ƙwaƙwalwarsa kaɗai. Duka ukun nan likitoci ne. Wanda na fi yawan ba ɗalibai labarinsa shi ne MYCIN, manhajar da Edward Shortliffe ya gina a jami'ar Stanford a shekarun 1970. Tana ba da shawarar maganin kashe ƙwayoyin cuta ga wanda cuta ta shiga jininsa ko mai sanƙarau, da aka gwada ta kuwa shawararta ta yi kafaɗa da kafaɗa da ta ƙwararru. Duk da haka ba a taɓa amfani da ita wajen jinyar yau da kullum ba. Daga cikin dalilan, sai likita ya zauna ya yi ta amsa mata tambayoyi da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, don ba ta haɗe da bayanan asibiti, ga kuma tambayar wa zai ɗauki laifi in ta yi kuskure. Yau kusan shekara hamsin ke nan, kuma da waɗannan matsaloli biyu nake kwana nake tashi a ofis.

Abin da ya mayar da fannin sana'a mai albashi daga baya ya zo. A 1999 wani rahoto na Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran jinya. A 2009 aka yi dokar HITECH, gwamnati ta ware biliyoyin daloli tana biyan asibitoci da likitoci lada in sun koma kundin majiyyaci na kwamfuta. Aka yi rububin sayen manhajoji, sannan aka farga cewa sayen abu daban, sa shi ya yi aiki a ɗakin marasa lafiya daban. A 2011 hukumar da ke kula da ƙwarewar likitoci a Amurka ta amince da fannin a matsayin reshen ƙwarewa mai zaman kansa, aka yi jarrabawar farko a 2013.

To me muke yi daga safe zuwa yamma? Bari in ba ka labari ɗaya, ya fi duk wani bayani.

A wani asibiti da na yi aiki, an mayar da gurbin nauyin majiyyaci na dole. Nas ba za ta iya rufe shafin karɓar mara lafiya ba sai ta cike shi. Niyyar mai kyau ce, don awon magunguna da yawa da nauyi ake lissafa shi, musamman na yara. Bayan wata biyu aka kawo mini rahoto ana murna, wai kusan kowa yanzu yana da nauyi a rubuce. Da na buɗe lambobin ɗaya bayan ɗaya sai ga manyan mutane birjik masu nauyin kilo 1. Na sauka ɗakin gaggawa da daddare na tsaya a gefe ina kallo. Ma'auni ɗaya ne a sashen, yana can ƙarshen baranda, wanda aka kawo ranga-ranga kuwa ba mai ɗaga shi ya kai shi can. Nas tana da mutane a layi, kwamfuta ta ƙi sakinta, sai ta danna 1 ta wuce. Da ni ne ma haka zan yi. Haɗarin shi ne wani ɓangare na manhajar yana ɗaukar wannan lamba ya lissafa awon magani da ita. Gyaran da muka yi a manhajar ɗan kaɗan ne. Mun ƙara zaɓin cewa ba a auna ba, da zaɓin cewa ƙiyasi ne, muka sa ta ƙi karɓar lambar da ba ta dace da shekarun mutum ba, muka hana lissafin magani aiki da nauyin ƙiyasi sai likita ya tabbatar. Amma kafin a kai ga haka sai da na yi makonni ina zarya tsakanin shugabar ma'aikatan jinya, da masu harhaɗa magani, da injiniyoyi, da ofishin sayen kaya don a ƙaro ma'auni. Injiniyan da ya gina gurbin ya fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne tsayuwa a ɗakin gaggawa ƙarfe biyun dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan sanin ne ake ɗaukar likita dominsa.

Namu ya zo da sauƙi, an gano shi kafin ya taɓa kowa. Akwai wanda bai zo da sauƙi ba, kuma duk wanda zai shigo layin nan ya kamata ya san shi. A 2005 wasu likitoci a wani asibitin yara da ke Pittsburgh suka wallafa abin da suka gani bayan an girka musu manhajar rubuta umarnin magani da gwaji. A cikin yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci a mawuyacin hali, mace-mace sun tashi daga kashi 2.8 cikin 100 zuwa sama da kashi 6 da rabi. Da can, tun yaro yana hanya ake rubuta abin da za a yi masa a shirya komai. Sabon tsarin ya hana a rubuta umarni sai yaro ya iso an yi masa rajista. An kuma kwashe magungunan gaggawa daga sashen aka mayar da su babban ɗakin magani, likita kuwa da ya saba tsayuwa a bakin gado ya koma zaune gaban allo. An yi ta muhawara kan ko manhajar ce sanadi, musamman da wani asibitin yara a Seattle ya girka irinta daga kamfani ɗaya bai ga ƙarin mace-mace ba. Ni a ganina wannan bambancin shi ne ma darasin. Kaya iri ɗaya, sakamako daban, don yadda aka saƙa manhajar cikin aikin mutane ya bambanta. Tun daga nan duk lokacin da aka kawo mini sabon tsari, tambayata ta farko ita ce me zai faru da majiyyacin da ba zai iya jira ba.

Wani babban ɓangaren aikin shi ne gargaɗin da ke faɗowa a allo. Ka san su, kana rubuta magani sai akwati ya buɗe yana cewa wannan bai jituwa da wancan. Wani nazari da ya tattara bincike-bincike a 2006 ya nuna likitoci na tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na gargaɗin magani. Ba taurin kai ba ne. In kare yana haushi a kan kowane ganye da ya motsa, ranar da ɓarawo ya zo ba mai fitowa. Saka sabon gargaɗi abu ne mai sauƙi, kowane kwamiti yana son nasa, musamman bayan an yi wani kuskure ana neman abin da za a nuna cewa an ɗauki mataki. Cire tsoho shi ne jan aiki, don ba wanda ke son sunansa ya fito a takardar da ta kashe gargaɗi. Sai ka zo da lambobi, sau nawa ya faɗo a wata, sau nawa aka bi shi, a cikin waɗanda aka tsallake mutum nawa suka cutu. Sannan ka zauna da likitan ƙoda da mai harhaɗa magani ku yi gardama ta ilimi. A ayyukan da nake alfahari da su, waɗanda na cire sun fi waɗanda na ƙara yawa.

Yanzu maganar rubuta manhaja. A'a, ba dole ba ne, kuma ba don ita za a ɗauke ka ba. Akwai dubban matasa da suka fi ka iyawa, suna kuma karɓar abin da bai kai naka ba. Amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa. Ka koyi SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Cikin 'yan makonni za ka iya abin da zai amfane ka, kuma ranar da ka iya ciro amsa da kanka ka huta da jiran wani ya kawo maka rahoto irin wancan na kilo 1. Ka ƙara da ɗan Python ko R, harsunan kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, ka kuma koma kan lissafin ƙididdiga da aka koya mana muka haddace don jarrabawa muka watsar. Manufar ita ce in injiniya ya ce maka abu ba zai yiwu ba, ka iya gane ko ba zai yiwu ba ne da gaske ko kuwa wahalarsa yake gudu. In kuma ya ce zai yiwu gobe, ka san ko zuƙi ta malle ce.

Abin da ya fi rubuta manhaja muhimmanci, kuma mutane ke gudunsa don ba shi da armashi, shi ne ƙa'idojin musayar bayani. Ɗakin gwaji yana da manhajarsa, ɗakin hoto yana da tasa, ɗakin magani haka, kuma sau da yawa kamfanoni daban-daban ne suka gina su. Ƙungiyar HL7, wadda aka kafa a 1987, ita ta tsara yadda za su riƙa aika wa juna saƙo, sabon salonta da ake yayi yanzu kuwa shi ne FHIR, wanda wani ɗan Ostireliya, Grahame Grieve, ya faro. Hotunan asibiti suna tafiya da ƙa'idar DICOM. Gwaje-gwaje suna da lambobin LOINC, da aka faro a cibiyar Regenstrief a 1994. Ka ɗauki fotasiyam, sinadarin da ake aunawa a jini ko a fitsari. Kai da ka ga lambar ka san ko na jini ne ko na fitsari. Kwamfuta ba ta sani ba sai an faɗa mata, in kuwa wani ya haɗa lambobin biyu a gurbi ɗaya ranar da ake jona manhajoji, za a wayi gari ana kiran likita a guje saboda lafiyayyen mutum, ko a yi shiru a kan wanda zuciyarsa ke dab da tsayawa. Haka kuma dole ka san bambancin ICD da SNOMED CT. Na farkon na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, an gina shi don ƙirga cututtuka da mace-mace, wasu ƙasashe kuma suna cajin kuɗi da shi, bugu na 11 ya fara aiki a farkon 2022. Na biyun an gina shi don ya ɗauki ma'anar abin da likita ke nufi dalla-dalla. Duk wanda ya ɗauki lambobin da aka saka don neman biyan kuɗi ya yi bincike da su kamar su ne gaskiyar ciwon mutum, ya gina ɗaki a kan yashi.

Wannan ya kawo mu ga ƙirƙirarriyar basira, wadda na san tana cikin abin da ke jan hankalinka ko da ba ka ambace ta ba. A 2021 masu bincike a jami'ar Michigan suka gwada wata manhajar kamfanin Epic da asibitoci da yawa ke amfani da ita wajen hasashen sefsis, wato yanayin da cuta ke ruɗa jiki har gaɓoɓi su fara gazawa. Suka tarar ta kasa gano kusan kashi biyu cikin uku na masu ciwon, alhali ta yi ƙara a kan kashi 18 cikin 100 na duk waɗanda aka kwantar. A 2019 kuma Ziad Obermeyer da abokan aikinsa suka nuna yadda wata manhaja da ake zaɓen masu buƙatar ƙarin kulawa da ita a Amurka take tauye baƙaƙen fata. Ba a saka mata launin fata ba ma. An koya mata ne ta yi hasashen kuɗin da za a kashe wa mutum, aka ɗauka wanda aka fi kashe wa kuɗi shi ya fi ciwo, alhali wanda ba ya samun zuwa asibiti kuɗinsa kaɗan ne ko da ciwo na cinsa. Ka ga a duka biyun lissafin bai yi tuntuɓe ba. Tambayar da aka ba shi ce gurguwa, ko kuma ba a gwada shi a inda za a yi amfani da shi ba. Likitan da ya san cewa nas takan auna zafin jiki da safe amma sai ta samu sarari da rana take shigarwa, shi ne zai iya cewa a dakata, lokacin da ke jikin lambar nan ba lokacin da aka auna ba ne.

Ta ina ake shiga? Ya danganta da inda kake. A Amurka sai ka gama horon ƙwarewa a wani fanni, ko wane iri ne, sannan ka yi ƙarin horo na shekara biyu, ka zauna jarrabawar da hukumar likitancin rigakafi ko ta binciken cututtuka ke shiryawa. A Ingila hanyar ba ta miƙe haka ba, amma ƙofofin a buɗe suke. Bayan babban shirinsu na kwamfutar asibitoci da aka faro a 2002 ya ci maƙudan kuɗi aka rushe shi a 2011, rahoton da Robert Wachter ya jagoranta a 2016 ya ba da shawarar kowane asibiti ya samu babban jami'in bayanai daga cikin ma'aikatan lafiya masu duba marasa lafiya. Suna kuma da ƙa'idar cewa duk manhajar da za a girka sai wani ma'aikacin lafiya mai rajista ya tantance haɗarinta, wannan ma aiki ne da likitoci ke riƙewa. A sauran wurare yawanci digiri na biyu ake yi. In kana son ka ɗanɗana kafin ka zuba kuɗi da shekaru, akwai gajeren kwas na intanet mai suna 10x10 da AMIA, ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka, ta faro a 2005 tare da William Hersh na jami'ar kiwon lafiya ta Oregon. Akwai kuma manhajojin da kowa zai iya saukewa kyauta ya buɗe cikinsu, kamar OpenMRS, da DHIS2 ta jami'ar Oslo wadda ma'aikatun lafiya na ƙasashe da dama ke tattara alƙalumansu da ita. Ka girka ɗaya a kwamfutarka, ka cika ta da majiyyatan ƙarya, ka lalata ta ka gyara. Na ce na ƙarya fa. Bayanin mutane na gaskiya ba ya barin asibiti ya hau kwamfutarka ko wayarka, komai kyan niyyarka, kuma wannan kuskure ɗaya ya isa ya rufe maka ƙofar fannin tun ba ka shiga ba.

Amma in gaya maka gaskiya, yawancin waɗanda na sani a layin nan ba ta takarda suka shigo ba. Ta ƙorafi suka shigo. Mutum ya cika yin mita a kan manhajar sashensu, wata rana aka ce to tunda ka iya magana zo ka zauna a kwamiti. In na zo ɗaukar ma'aikaci, wanda ya ce mini ya rage lokacin da sakamakon gwaji ke ɗauka kafin ya iso sashensu, ya nuna mini lambar kafin da ta bayan, ya fi mai takardu uku da bai taɓa gyara ko fom ɗaya ba.

Wuraren aikin kuwa ba na jin sai na tsawaita. Akwai asibiti, inda ake hawa har matsayin babban jami'in bayanan likitanci. Akwai kamfanonin manhaja, inda kuɗi ya fi amma sai ka yi hattara kada a mayar da kai farar riga da ake nuna wa masu saye. Akwai ma'aikatun gwamnati da hukumomin duniya, da jami'o'i, da ƙananan kamfanoni masu tasowa waɗanda da yawansu ba sa kai labari. Game da albashi, a abin da na gani likitan fiɗa ko wanda aikinsa na hannu ne yakan yi ƙasa in ya sauya, wanda ke fannin da ba a biya sosai kuwa yakan tsaya inda yake ko ya ɗan ɗaga. Kada kuɗi ya zama dalilinka.

To mu dawo kan maganar da muka jingine. Ka ce kwanan asibiti ya gundure ka. Ba laifi ba ne, duk mun gaji a wani lokaci, kuma wani ɓangare na gajiyar ma mu ne sanadinsa. Wani bincike a Amurka a 2016 ya nuna duk awa ɗaya da likita ya yi gaba da gaba da majiyyaci, yana yin kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Sai dai ka tambayi kanka abin da ya gundure ka. In rashin barci ne, to ka sani mu ma ana tashinmu. Ranar da za a kunna sabuwar manhaja kwana muke a asibiti, wani lokaci mako guda. Ranar da ta mutu kuma ba mai tambayar ko kana hutu. A watan Mayun 2017 da harin WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitoci da yawa a Ingila, sai da aka soke ganin likita da ayyukan fiɗa kimanin 19,000, aka koma biro da takarda. Tanadin irin wannan rana, fom nawa aka buga, ina aka ajiye su, wa ya san yadda ake cike su, yana cikin aikinmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa mutane ne suka gundure ka, da surutunsu da gardamarsu, to nan sun fi yawa. Majiyyaci aƙalla yana son ya warke. Babban likitan da ya shekara talatin yana rubutu da biro ba ya son abin da ka kawo, kuma wani lokaci shi ke da gaskiya.

Akwai kuma abin da za ka rasa wanda ba a faɗa. A gefen gado, ka ba da magani da safe ka ga mutum ya zauna yana hira da yamma, danginsa su yi maka addu'a. A nan aikin wata shida zai iya hana kuskure ɗari, amma ba wanda zai san an hana, don abin da bai faru ba ba shi da mai godiya. Za ka zama kamar jemage. Likitoci su ce ka koma ɗan ofis, 'yan kwamfuta su ce likitan nan ya cika tsoma baki. Wasu wannan ba ya damunsu, wasu kuwa cikin shekara biyu suke komawa inda suka fito, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba.

Shi ya sa amsata ga tambayarka ta ƙarshe ita ce kada ka bar likitanci, aƙalla ba yanzu ba. Za a ce maka taura biyu ba ta taunuwa, kuma akwai gaskiya a ciki, don makonnin da aiki biyun suka haɗe maka za ka ji a jikinka. Duk da haka ni har yau ina ganin marasa lafiya rana ɗaya a mako, kuma a ranar nake gano rabin abin da zan gyara a sauran kwanakin. Ranar da na ƙara gurbi a fom, ni ma sai na cike shi da majiyyaci zaune yana kallona. Abokan aiki kuma suna sauraron wanda suka san yana shan abin da suke sha. Na ga likitocin da suka ajiye aikin jinya gaba ɗaya, bayan shekara biyar suna ba da shawara a kan asibitin da ya riga ya sauya ba su sani ba. Shekara huɗu da ka yi ta fara ba ka ido, amma in kana da halin gama horon ƙwarewa a wani fanni, ka gama shi tukuna. Zai ba ka nauyi a teburin taro, zai kuma zame maka wurin komawa in layin bai karɓe ka ba.

Ga abin da nake so ka yi a mako mai zuwa. Ka zaɓi gwajin jini guda ɗaya da ka rubuta da hannunka, ka bi shi da ƙafa riƙe da ɗan littafi. Ka rubuta ƙarfe nawa ka ba da umarni, ƙarfe nawa aka ɗebi jinin, wa ya manna suna a kwalba kuma a ina ya tsaya ya manna, wa ya kai, minti nawa ta zauna a tebur, wa ya shigar da sakamako, da yadda aka yi ka san ya fito. Kada ka gyara komai, kada ka yi wa kowa faɗa, ka tambayi kowa dalilin da ya sa yake yin yadda yake yi. In ka gama ka aiko mini da abin da ka rubuta, ka kuma gaya mini ko ranar ta yi maka tsawo ko kuwa ba ka san lokacin da ta wuce ba.